Fitilar Barira

Ranar kasuwar Auyo ta iso da shi,
ɗan akwati, bai kai kwalin ashana biyu ba.
Ta ce, "Baba, kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba."
Na ce, "Ɗan akuya dai yana kuka in ya ji yunwa.
Shi wannan me yake yi?"
Ta yi dariya, ta jingina tsani.

Tun hantsi tana kan kwano, zane ɗaure a ƙugu,
tana goge farantin sola da tsumman tsohuwar rigata.
Jar waya nan, baƙa can,
ta ciji leɓe, ta murɗa, ta naɗe da salatif.
Gwadabe ya leƙo ta saman danga
ya ce, "'Yarka za ta ƙona maka rumbu."
Na ce, "Rumbun dai nawa ne."

Sau uku abin yana ƙi.
Ɗan haske shuɗi yana ƙifta ido,
zobe yana juyawa a fuskar waya, ya ƙi tsayawa.
Sai da ta saka na'urar sabis a gorar roba
ta rataye a reshen darbejiya,
don sabis a garinmu tsuntsu ne mai tsoron mutane,
ba ya sauka ƙasa.
Sannan ta taɓa.
Ƙwai ya kama a zaure da rana tsaka,
famfo ya yi tari biyu ya tofo ruwa.
Kaji suka watse. Gwadabe ya yi salati.

Ta bar mini tsohuwar wayarta:
wannan na zaure, wannan na famfo, wannan na garke.
Na ce to, to.
Amma yatsan da ya shekara hamsin a ƙotar fartanya
gilashi bai san shi ba.
In na shafa, sai ya kai ni wani gari.
Ta ce, "Bar shi. Daga Dutse zan riƙa kunna maka."

Haka aka yi.
Ladan na gyaran murya, fitila ta buɗe ido.
Ba na cewa an kunna wuta,
cewa nake Barira ta gaishe ni.
In ta makara, marasa lafiya sun yi yawa a asibiti.
In ta kama da sauran rana, kewar gida ce.

Sai wani daren marka, ruwa da iska.
Magariba ta wuce, lisha ta wuce,
zaure baƙi ƙirin.
Ga madanni a bango, kamu ɗaya daga kafaɗata,
ta nuna mini shi tun ranar farko.
Ban taɓa ba.
Ba haske nake jira ba.
Na kwana ina jin kwaɗin fadama,
ina ƙirga ramukan hanyar Dutse
da manyan motocin da ba su da birki.

Da asuba na tsinci gorar a taɓo, reshe ya karye.
Isiyaku, jikan Gwadabe, ɗan aji biyar,
ya goge ta, ya hau, ya sake ɗaurewa.
Ya kama yatsana kamar mai koya wa yaro tafiya:
"Kar ka danne, Baba. Taɓa kawai,
kamar kana gwada nunar tumatir."
Ƙwai ya kama. Na kashe. Na kunna. Na kashe.

Yanzu na iya.
Daga kan tabarma nake shayar da albasa.
Amma na zaure,
na ja wa yaron kunne kar ya gaya mata.

Ga shi yau ma rana ta faɗa bayan shinkafa,
buta tana hannuna, wayar tana aljihu.
Gwadabe ya ce, "Kunna mana, duhu ya yi."
Na ce, "Zauna tukuna.
Yanzu za ta yi sallama."